Kawuna Ba Ɗan Duba Ba Ne

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa da ke Gure, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. A hannunsa na girma, kuma saboda shi ne yau nake koyar da fizik a wani lise, wato babbar sakandare, a Damagaram. Na so in rubuta masa ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ake karantawa a share hawaye a ce Allah ya jiƙan maza. Na kasa. Raina a ɓace yake, kuma ba mutuwar ce ta ɓata shi ba.

Kafin motar kasuwa ta sauke ni a Gure an riga an kai shi. Yayana ya tare ni a ƙofar gida, idonsa jajir, ya ja ni gefe. Ya ce limamin unguwa, matashin nan da ya dawo daga karatu ba da daɗewa ba, ya aiko cewa yana da uzuri, ba zai sallaci gawar ba. Da mutane suka ji haka, wasu suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Sai wani tsoho, abokin Kawu tun na ƙuruciya, wanda da ƙyar yake tsayuwa, ya shiga gaba ya ja sallar.

Na ce, "Yaya, uzurin me?"

Ya ce, "Ke ma kin sani. Wai ɗan duba ne."

Na sani mana. Tun ina yarinya nake jin ana raɗa cewa Kawu yana bugun ƙasa, yana zana rairayi ya ga abin da ke ɓoye. Muna ji muna dariya a gida. Ban taɓa zaton maganar banzan nan za ta bi shi har makabarta ba.

Na shiga ciki wajen mata. Ban gama ajiye jakata ba wata maƙwabciya ta kama hannuna biyu tana girgiza kai. "Ayya, sai haƙuri. Allah dai ya sa ya tuba kafin cikawa." Matar nan duk 'ya'yanta a kan tabarmar Kawu suka yi bitar bak, jarrabawar gama lise, yana koya musu lissafi ba ko sisi, suna cin dabinonsa suna tofar da ƙwallo a tsakar gidansa. Na dube ta sama da ƙasa, na haɗiye abin da ya zo mini baki, don gidan makoki ne.

Washegari makiyaya suka zo daga Alakos da rago a gaba. Su kam da zuciya ɗaya suka zo, kuka suke na gaske. Daga bayan katanga ina jin babbansu yana cewa a zaure, "Babban mai gani ya tafi. Yanzu in dabba ta ɓace, wurin wa za mu je?" Wallahi yabon nan ya fi mini zagin ciwo. Mai zagi ka san yadda za ka yi da shi, amma mutumin da ya yi tafiyar yini don ya yi maka kuka, ta ina za ka fara ce masa ya yi shiru?

Sai kuma 'yan boko. Tsofaffin ɗalibansa da ke manyan ma'aikatu a Yamai suka yi ta aiko dogayen saƙonni ta waya, cikin Faransanci mai maiƙo. Ba ɗaya da ya taɓa maganar da ke ci mana rai. Wani tsohon abokin aikinsa na lise ya sa aka kira ni bakin zaure, ya rage murya ya ce, "Madam, mu dai mun san gaskiya." Na mayar masa da Faransancinsa na ce, "Mushe, in kun sani ai ga zaure nan cike da maza. Me ya sa sai a kunnena?" Ya gyara hula, ya tuna yana da wani aiki a gari.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni Iya ce, matar Kawu, wadda ta yi mini wanka ta yi mini kitso har na yi aure. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, ba ta kuka, ba ta magana. Ranar sadakar uku da la'asar, da mata suka ɗan rage, ta yafito ni da hannu.

"Ke kika yi irin karatunsa," in ji ta. "Zan tambaye ki abu, kada ki lallashe ni. Abin nan da yake zanawa a rairayi, mene ne?"

"Haba Iya! Lissafi ne."

"Haka shi ma yake cewa. Amma malam ya zo yana kwance, ya ce masa ya tuba, ya ƙi. Da kunnena na ji ya ƙi." Ta kama bakin zanenta ta murɗe. "Tun da ya cika, in na ɗaga hannu zan ce Allah ya haɗa ni da shi, sai bakina ya yi nauyi. Ban san inda yake ba. Ina tsoron in roƙa."

Kafin in buɗe baki wasu masu gaisuwa suka yi sallama. Ta ce da sauri, "Ranar bakwai ki zo mini da magana. Ta gaskiya nake so."

To, kwanakin da suka biyo na yi su ina tattaro Kawu a kaina, ina neman yadda zan nuna wa matar da ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba abin da mijinta ya ƙare rayuwarsa a kai. Abin da na tattaro shi nake rubutawa nan, don ba Iya kaɗai ke bukatar ji ba.

Kawu yana cikin yaran Gure na farko da karatu ya kai ƙasar Turawa. Can ya yi zurfi a ilimin ƙwayar zarra, ƙananan abubuwan da aka gina komai da su, waɗanda ido ba ya gani. Ya dawo ya fara koyarwa a jami'a a Yamai. Da kakanmu ya rasu, tudun rairayi ya fara cin garkar gidanmu da ke cikin kwari, ba namijin da zai tsaya a kanta, sai ya tattaro ya dawo gida ya kama koyarwa a lise. 'Yan'uwa suka yi ta cewa ya yi wauta. Shi kuwa ya ce lissafi ba ya bukatar babban birni, dabino kuwa yana bukatar mai shi.

Kowace yamma, in ya tashi daga aiki, sai garka. Ya shayar da albasa da rogo, ya duba shingen da yake tare rairayi da shi, sannan ya zauna a inuwar wata goruba. Ya share ƙasa da tafin hannu ta yi sumul. Ya ɗauki tsinke ya yi ɗigo uku, ya ja layuka tsakaninsu, ya jera alamomi a ƙasa sahu-sahu, ya yi shiru yana kallo, ya share, ya sake. To, kowa a ƙasarmu ya san wane ne ke share rairayi da tafin hannu ya jera ɗigo ya yi shiru yana kallo. Mai wucewa ta kan tudu, daga nesa, me zai ce ya gani? Wannan kam na yarda. Abin da ban yafe ba shi ne ba wanda ya sauko daga tudun ya tambaya ya kuma saurari amsa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ga kaye ga bik, takarda da alƙalami a gida, me ya sa sai ƙasa?" Ya ce, "Takarda tana sa mutum jin kunyar sharewa. Ni kuwa rabin aikina sharewa ne."

Ina ajin ƙarshe a lise ya fara nuna mini abin da ɗigon ke nufi. Na je kai masa shayi, ya ce in tsuguna. Ya yi ɗigo biyu tukuna.

"Wannan cibiyar zarra ce, wannan elektron, ɗan ƙaramin abin da ke kewaya ta. Tana jansa, yana riƙe da ita. Idrojen ke nan. Abu biyu in suna jan juna, lissafinsu yana fita tsaf, ba saura." Sai ya ƙara ɗigo ɗaya. "Yanzu elektron biyu. Eliyom ke nan, iskar da ake hura wa balan-balan ya tashi sama. Cibiya tana jan kowannensu, su biyun kuma suna tunkuɗe juna. Wannan ya motsa, wancan ya ji, cibiya ta ji. Ɗaya tak na ƙara, amma har yau ba a haifi wanda ya warware shi tsaf da alƙalami ba. Ba Bature, ba Balarabe, ba kawunki."

Na ce, "To in ba ya warwaruwa, me kuke zaune kuna yi?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ita hular dama ba ta taɓa zama daidai a kansa ba. "Dabara muke yi. Ta farko, mu fara da ƙarya, amma muna sane ƙarya ce. Mu ce elektron biyun ba su san da juna ba, mu yi lissafin mai sauƙi. Sannan mu dawo mu saka tunkuɗar da muka ɓoye, mu gyara kaɗan-kaɗan. Ta biyu, kintace. Ki yi zaton yadda suke zaune, ki lissafa ƙarfin zaman, ki share, ki canza zaton, ki sake. Misali ki ce kowane elektron yana ɗan tare wa ɗan'uwansa cibiya, don haka jan cibiyar, da ya kamata ya ninka na idrojen sau biyu, bai cika biyu ba. Ki yi ta rage shi kina gwadawa."

"Ta yaya za a san wane zato ya fi?"

"Yawwa! Nan ne daɗin. An tabbatar cewa lissafin da kintace zai ba ki ba ya taɓa faɗawa ƙasa da na gaskiya. Kullum daga sama yake. Don haka wanda ya fi sauka shi ya fi kusa. Kamar haƙar rijiya ne a kwarin nan, daga sama ake tafiya, ƙasa tana ƙara danshi kin san kina kusantar ruwa."

Ni kuwa lokacin yarinya ce mai son amsa ɗaya a ja mata layi biyu a ƙasa. Na ce wannan ai ba ilimi ba ne, lalube ne. Daga ranar ya sa mini suna Madam Tabbas, kuma bai daina kirana da shi ba har na haifi 'ya'ya. Shi kuwa kalmarsa "kusan" ce. Ka tambaye shi lokaci, ya ce kusan la'asar. Ka tambaye shi ko dabino ya nuna, ya ce kusan. Iya takan ce ko sunansa aka tambaye shi sai ya ce kusan haka ne. Mutumin da ko azahar ba ya rantsuwa a kanta, shi ne wai yake faɗin gaibu. Kai, jama'a!

Taguwa, wato raƙuma, ce ta ja masa. Wata rana wani makiyayi daga Alakos ya biyo ta garkar neman ruwan sha, ransa a jagule, taguwarsa ta ɓace, iska ta share sawu. Kawu ya ba shi ruwa, ya fara tambayarsa kamar yadda yake yi wa ɗalibi. A ina ka saye ta? Wajen Bune. Ta daɗe a hannunka? A'a. Yaushe rabonta da ruwa? Ta kwana biyu. Kawu ya ce, "Dabba mai ƙishi da ba ta saba da rijiyoyinku ba, rijiyar da ta sani za ta nufa. Fara nema ta hanyar Bune. Ban tabbatar ba fa, amma ta can ya fi kusa." Tsautsayi, tsinken yana hannunsa, yana magana yana zana hanyar a ƙasa, ga kuma ɗigonsa na lissafi a gefe. Mutumin ya tafi ya sami taguwarsa a bakin rijiya.

Shi ke nan, magana ta cika kasuwa. Makiyayin ya dawo da rago, Kawu ya mayar masa. Aka ce, kun gani, na gaske ba sa karɓar abin hannu. Ya tsaya bayan sallar Juma'a ya yi bayani da Hausa, ya maimaita da Barbarci, cewa hankali kawai ya yi amfani da shi, kowa ma zai iya. Aka gyaɗa kai, aka ce haka manya ke ɓoye sirrinsu. Duk abin da ya faɗa sai ya zama hujja a kansa.

Mutane suka fara sauka garkar, amma ba don su ji lissafi ba. Wata mata ta zo da ɗanta a goye, jikinsa zafi rau, wuyansa ya sanƙare, tana roƙon a duba mata wanda ya yi masa jifa. Kawu bai ce mata komai ba. Ya bar ruwa yana kwarara a albasa, ya tada moto, babur ɗinsa, ya ɗora ta, sai gidan likita. Ya zauna a benci har aka karɓi yaron, kuma ya yi ta komawa har aka sallame su. Yaron ya rayu, yanzu magidanci ne. Na neme shi da ido cikin masu gaisuwa ban gan shi ba.

Wanda ya fi ɓata shi kuwa wani ɗan siyasa ne. Ana gab da zaɓe ya zo da babbar mota har bakin kwari, ya sauko yana riƙe da babbar riga kada ta taɓa ƙasa, ya ce a buga masa a gani ko zai ci. Ina nan ranar, na zo hutu. Kawu ya miƙe da tsinkensa ya ce, "Alhaji, ni elektron biyu sun gagare ni tun ina saurayi. Kai kana so in lissafa maka zuciyar mutanen Gure? Taka mini a hankali ka fita, kana kan rogona." Mutumin ya fita yana huci. Kafin mako ya zagayo ya baza cewa Kawu ya ƙi shi ne don ya riga ya yi wa abokin hamayyarsa aiki. Har yau yana nan, kuma shi ne ya aiko da buhun shinkafa mafi girma gidan makoki. Na ce a mayar, yayana ya hana ni.

Ba zan ce Kawu ba shi da laifi ba. Taurin kai gare shi kamar me. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ta taɓa zuwa har garka ta yi masa kuka. Ta ce, "Yaya, don girman Allah ka shiga ɗaki ka yi abinka a takarda. Kana da iyali. Ana nuna mu da baki a gidan suna." Ya ce, "In na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ranar ce za su ce ga shi ya ɓuya. Abin da nake yi a fili nake yinsa, a ƙasar ubana. Wanda ke son sani ya zo ya tsuguna." Ta ce girman kai ne. Ya ce tsoron mutane ne ke damunta. Suka yi wata da watanni ba sa gaisawa sai ta bakina. Kuma akwai abin da sai yanzu na gane: ya yi wa kasuwa bayani, ya yi wa masallaci, ya yi wa ɗalibai, amma bai taɓa tsayawa ya tabbatar matar da ke cikin gidansa ta fahimta ba. Ya ɗauka ita kam ta san shi, ba sai an faɗa ba.

Da ya tsufa ya ajiye aiki, jikansa ya koya masa karatu a waya. Wata rana da tsakar rana ina cikin aji ya yi ta kirana har na fita. Na ɗauka wani ne ya rasu. Ya ce, "Madam Tabbas, kin ji abin da aka gani? An sanyaya ƙwayoyin zarra sanyin da ba a taɓa yi ba. Akwai yanayin da biyu ba sa iya riƙe juna, amma in sun zama uku sai su riƙe. Ki cire ɗaya, sauran biyun su watse. Lissafi ya daɗe da faɗa, muna samari ana gardama a kai, yanzu an gani!" Yana dariya yana tari. Na ce, "Kawu, ɗalibai na jirana." Ya ce, "Je ki gaya musu mana." Daɗin da yake ji ke nan a duniya, shi da dabinon farko na shekara.

Maganar tuba kuwa, na bi diddiginta wurin yayana, don yana ɗakin. Limamin ya zo dubiya, ya zauna, ya yi nasiha a kan masu bugun ƙasa, ya ce Kawu ya furta ya tuba tun da sauran numfashi. Ban ce da mugunta ya zo ba. Amma mutumin da ya yi shekaru yana karatu, bai iya tambaya ɗaya ba kafin ya yanke hukunci? Kawu ya sa aka tada shi zaune. Ya ce, "Malam, kullum ina tuba ga Allah daga abin da na aikata, kuma yana da yawa. Amma in na ce na tuba daga duba, na ce na yi ke nan. Ban yi ba. Kana so in gamu da Ubangijina da ƙarya a bakina?" Daga nan ya yi kalmar shahada, ya juya fuska bango. Iya tana tsakar gida. Ƙarshen maganar bai kai mata ba, ƙin kawai ta ji.

Ranar bakwai da safe na shiga wurinta. Ɗakin cike da mata, har da maƙwabciyar nan mai addu'ar tuba. Iya ta yi mini ido alamar in bari su tafi. Na ce, "A'a Iya, a gabansu zan yi. Ku fito tsakar gida."

Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa. Na tsuguna na share rairayi da tafin hannu, na yi ɗigo uku. Wata ta ce, "A'uzu billahi!" ta ja baya. Na ce, "Hajiya, zauna. Abin da nake koya wa 'ya'yan mutane ke nan a allo da alli, gwamnati tana sane. In duba ne, to har da ɗanki mai aikin likita an koya masa."

Na yi musu bayani yadda Kawu ya yi mini, da cibiya, da biyun da ke tunkuɗe juna, da rijiyar da ake haƙa daga sama. Ban ce duk sun gane ba. Sai na juya ga Iya na ce, "Ɗan duba cewa yake ya san abin da Allah ya ɓoye. Aikin Kawu kuwa, tun daga farkonsa har ƙarshensa, shi ne yarda cewa ba a sani ba, sai dai a kusata. Ke da kika zauna da shi, kin taɓa ji ya ce gobe kaza zai faru?"

Ta ce, "Ko ruwan sama aka tambaye shi, cewa yake wataƙila."

Na gaya mata abin da ya faɗa wa limamin, kalma da kalma, har shahadar. Na ce yayana yana zaure, a kira shi ya rantse in tana so. Ta ce ba sai an kira shi ba, wannan maganar kam bakinsa ce, ba mai iya ƙaga ta.

Na kasa riƙe kaina. Na ce, "Iya, duk shekarun nan, me ya hana ki tambaye shi?"

Ta ce, "Tsoro nake ya ce mini e."

Sai Iya ta juya ta dubi maƙwabciyar. "Ke ce kika fara gaya mini, ina amarya. Kika ce kada in kuskura in taka zanen, mace in ta taka ba ta ƙara haihuwa." Matar ta sunkuyar da kai tana wasa da carbi. Iya ta ce, "Kullum ni ke kai masa abinci garka. Sai in ajiye kwanon daga nesa, gindin dabino, in kira shi. Kullum sai ya ɗago kai ya ce, zo ki zauna mana, ga inuwa. In ce ina da aiki a gida. Har muka tsufa yana cewa zo ki zauna. Ban taɓa zama ba."

Nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Laraba. Muka bar ta ta yi. Ni ma na yi, amma nawa rabinsa haushi ne, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai sauka ba. Sallar da aka guje wa, wannan tsakaninsu da Allah. Yammacin da aka ƙwace wa mutum biyu a inuwa ɗaya, tun suna da ƙuruciya har ɗaya ya tafi, wa zai mayar musu?

Allah ka jiƙan Kawu. Ka yafe masa taurin kansa da kaifin bakinsa, ka wanke shi daga abin da aka jingina masa, ka nuna masa tsaf abin da ya yi ta kusata bai kai ba. Waɗanda suka ɓata shi kuwa, Allah ka shirye su, don ni ban kai ga yafe musu ba tukuna.

Da kukan ya lafa, Iya ta ɗaga hannu a gaban matan nan duka ta ce, "Allah ka haɗa ni da shi." Ta faɗa da ƙarfi, har maza suka amsa daga zaure. Na kai hannu zan share ɗigon, ta riƙe mini wuyan hannu. Ta sauko daga tabarma, ta zauna a kan rairayi dab da zanen, ta tattare zanenta.

Ta ce, "Fara mini daga farko. A hankali."